Zagayen yammacin Amurka a mota mai ɗaki da kyanwoyi da kare: a ba ni shawara

Alhajin Agege:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin.

Ɗana da ke zaune kusa da Los Anjalis a jihar Kalifoniya ya gayyace ni da mahaifiyarsa mu je musu hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da yara ba sa makaranta. Takardunmu sun kammala, alhamdulillahi. Shirinsa shi ne ya ɗauko hayar irin motar nan mai ɗaki, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda su can suke kira RV, mu yi kwana 18 muna zagaye. Daga Los Anjalis zuwa Las Begas, sai gandun Zion da na Bryce Canyon a jihar Yuta, sai mu haura Yellowstone, a dawowa mu ratsa ta Grand Canyon. Mu shida ne, manya huɗu da jikoki biyu.

Inda gizo ke saƙa shi ne dabbobi. Gidan nasu akwai kyanwa da muzuru, da wani karen yara mai nauyin kilo 25, kuma sun ce ƙafarsu ƙafar dabbobin. Ita kuma Hajiya ta kafe sai ta tafi da tata kyanwar daga nan Legas, wai ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba.

Tambayoyina: kyanwar Hajiya za ta iya shiga? Wace irin mota ya kamata a ɗauka? Idan mun fita kallon wurare, za a iya kunna musu esi a rufe su a ciki? Kuma me ya fi lalacewa a irin wannan tafiya, don mu shirya masa tun daga nan? Allah ya saka da alheri.

Likitar Dabbobi, Ikeja:

Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Zan fara da kyanwar Hajiya, domin amsarta a fili take: a bar ta a Legas. Ba doka ce ta hana ba. Kyanwa ta fi kare sauƙin shiga Amurka. Ana buƙatar takardar fitar da dabba daga NAQS, hukumar killace dabbobi da tsirrai ta nan gida, da shaidar rigakafin ciwon haukan kare, da amincewar kamfanin jirgi, sannan a duba lafiyarta a can idan an sauka. Amma a lissafa wahalar. Daga Ikeja zuwa Atlanta wajen awa 12 ne a sama, a yi zaman jira, a sake hawa wani jirgin na fiye da awa 4 zuwa Los Anjalis. Ta yi yini guda a keji ke nan, sai a zuba ta a ɗaki ɗaya da kyanwoyi biyu da ba ta taɓa gani ba, ga kare, ga ƙarar inji a ƙarƙashinta. Haɗa baƙin kyanwoyi aiki ne na makonni, kowace a ɗakinta, ana musanya musu shimfiɗa su saba da warin juna kafin su haɗa ido. A mota babu wannan filin. Kyanwar da ta tsorata takan daina cin abinci, kuma idan ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta, ciwon da ke kisa. A samu wanda zai riƙa zuwa gida yana ba ta abinci a wurin da ta saba, ya fi a kai ta gidan wani.

Ga duk mai karatu da ke tunanin fita da kare daga Najeriya, wannan wani babi ne daban. Tun 1 ga Agusta 2024 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta tsaurara dokar shigar da karnuka. Najeriya na cikin ƙasashen da suke ɗauka masu haɗarin haukan kare, don haka sai karen ya kai wata 6, an dasa masa ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, an cike fom ɗinsu, likitan gwamnati ya sa hannu a takardar rigakafi, an yi gwajin jini a ɗakin gwajin da suka amince da shi ko a killace shi kwana 28, kuma sai ta filayen jirgi ƙalilan zai shiga.

Dabbobin da ke can kuwa, ɗanku ya kai su asibiti kamar mako biyu kafin tafiya. A sabunta rigakafin haukan kare ga dukkan ukun, a karɓi takardar lafiya ta ƙetare jiha, wadda yawancin jihohi ke ɗaukarta da inganci na kwana 30. Wataƙila ba wanda zai tambaya a kan hanya, amma gidajen ajiyar dabbobi ba sa karɓa sai da shaidar rigakafi, kuma za ku buƙace su. A tabbata lambar wayar da ke kan rajistar ƙwayar shaidar tana aiki. A 2024 wani muzuru ya ɓace wa masu shi a Yellowstone a watan Yuni, bayan kusan wata biyu aka tsince shi a Roseville ta Kalifoniya, ɗaruruwan mil daga can, kuma da wannan ƙwayar aka gane ko na wane ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a shirin nan, wato watan da kuka zaɓa. Zafin hamadar Nebada ba irin na Legas ba ne mai ɗanshi, ku ɗauko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Las Begas a Yuli takan wuce digiri 40 kusan kullum, kuma ranar 7 ga Yuli 2024 ta kai 49. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, idan iskar da yake shaƙa ita ma ta yi zafi to hakin bai da amfani. Zafin jikin kare da kyanwa na lafiya 38 zuwa 39.2 ne. Ya wuce 40 an shiga haɗari, a 41 kayan ciki sun fara lalacewa. Rufaffiyar mota a rana tana ƙara kusan digiri 11 cikin minti 10.

Alamun a kare: haki ba tsayawa, dasashi ya yi ja jawur, yawu ya yi kauri yana dalala, tangaɗi, amai. Kyanwa kuwa da zarar ta buɗe baki tana haki, kada a jira wata alama. A kai inuwa, a riƙa kwara ruwa mai sanyi a ciki da hammata da cinyoyi, a sa fanka ta busa. Kada a lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul, riƙe zafin yake yi. A nufi asibiti ko da ya miƙe ya fara yawo, don ƙoda takan nuna illar daga baya.

Ruwan sha: kamar mililita 60 a kowane kilo a rana. Kare mai kilo 25 lita ɗaya da rabi ke nan, ledar fiya-wata uku, a zafi kuma a ninka.

Roƙo ɗaya ga Hajiya, don na san jakar iyayenmu ba ta rabo da magani: kada a kuskura a ba kyanwa farasitamol, ko ɓari guda. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jini ya kashe. Aibufurofen ma guba ne ga kare da kyanwa. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin famatirin, idan ya taɓa kyanwa yana sa ta karkarwa da fizge-fizge, kuma a mota tare za su kwana, don haka likita ya zaɓa wa karen wanda babu shi. Na amai a mota akwai Cerenia, na tsoron kyanwa akwai gabafentin, duka da takardar likita, kuma a gwada a gida tukuna. Zabibi, inabi, albasa da cakulan, a gaya wa jikoki ba a ba kare.

Injiniya na Ladipo:

Ranka ya daɗe, Likita ta gama magana a kan zafi, ni zan faɗi dalilin da ya sa ba a dogara da esin motar.

Da farko irin motar. Ku shida da dabbobi uku, ajin da suke kira C ne naku, wanda ke da gado a saman direba, mai tsawon ƙafa 28 zuwa 30. Mita 9 ke nan, ya ɗara bas ɗin Kosta sosai, tsayinsa kuma wajen ƙafa 12. A rubuta tsayin da faɗin a takarda a manna a gaban direba, saboda rumfar gidan mai da reshen itace ba sa yafiya. Lasin ƙaramar mota ya isa tuƙa shi. Idan Alhaji zai taɓa sitiyari, ya tafi da lasinsa da na ƙasa-da-ƙasa, kuma a sa sunansa a takardar haya, in ba haka ba inshora ba ta san da shi ba. Hannun tuƙi ɗaya ne da namu. Kamfanin haya na Cruise America na yarda da dabbobi; a shafukan haya na Outdoorsy da RVshare motocin mutane ne, kowane mai mota da sharaɗinsa, a karɓi amincewarsa a rubuce da adadin dabbobin.

Motar tana da esi iri biyu. Na gaban direba da inji yake aiki, kuma ba ya kai sanyi baya. Na kan rufi shi ne na ɗakin, wutar gida yake ci, bolt 120, batir ba ya ɗaukarsa. Hanya biyu ce kawai ta kunna shi: a jona kebul a turken wuta na sansani, ko a tada janareta.

Turken yana ba irin wannan mota amfiya 30, wato wat 3,600. Esin rufi shi kaɗai yana jan 12 zuwa 15, lokacin tashi kuma ya fi haka. A ƙara na'urar ɗumama abinci da butar lantarki, sai bireka ya faɗi. Abin da mutane ba sa lura da shi: da rana tsaka kowace mota a sansani ta kunna esi, wuta ta yi ƙasa, kwamfireso ya yi zafi ya yanke kansa, ko birekan turken da ke tsaye a rana ya faɗi ba tare da an ƙara masa komai ba. Mu da muka san halin ɗauke wuta ba sai an yi mana dogon bayani ba, bambancin kawai shi ne can ba mai gadi da zai ruga ya tada inji. A nemi na'urar kare wuta da ake sawa tsakanin turke da kebul, tana nuna ƙarfin wutar kuma tana yankewa idan ta lalace.

Janaretan, yawanci Onan mai wat 4,000, daga tankin man motar yake sha. An yi bututunsa da gangan bai kai ƙasan tanki ba, don kada ya shanye man ya bar ku a daji. Ma'ana, da allura ta sauko kwata, zai mutu da kansa. Yana kuma mutuwa idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma ƙarfinsa na raguwa da kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000 ta tudu, don iska ta yi ƙaranci. Yana shan kusan rabin galan a awa, masu haya kuma da awa suke cajinsa. A sansanonin gandun gwamnati akwai sa'o'in da aka ƙayyade masa, wasu ma an hana shi gaba ɗaya. Ko yana aiki lafiya lau, esin rufi yana rage kamar digiri 8 zuwa 11 ne daga iskar da ya zuƙa, bangon motar kuma siriri ne. Idan waje 43 ne, kada a yi tsammanin sanyin banki a ciki.

To amsar tambayar Alhaji: a kan janareta, a'a, ko na minti 30. Akwai na'urori irin su Waggle da ke aiko saƙo a waya idan ɗaki ya yi zafi, suna da kyau, amma da sabis suke aiki, kuma cikin kwazazzaban nan sabis ɗin ne babu.

Mai: motar na yin mil 8 zuwa 10 a galan. Los Anjalis zuwa ƙofar yamma ta Yellowstone mil 1,000 ne da 'yan kai, da komowa da ratse-ratse a sa 2,700. A raba da 9, galan 300 ke nan, fiye da lita 1,100, ban da na janareta, ban da kuɗin mil da kamfani zai caja. A mayar da rabin tanki shi ne ƙasa. A babbar hanya ta 70 a Yuta, tsakanin Green River da Salina, akwai fiye da mil 100 babu gidan mai ko ɗaya, ya fi Legas zuwa Ibadan nisa.

Gangara ita ce ke ba direban Legas mamaki, don gwanintarmu ta gosulo ce. Daga Los Anjalis za a hau Cajon Pass, bayan garin Baker kuma akwai doguwar hawa da ke tafasa injuna a bazara. A danna maɓallin jan kaya da ke jikin giya, a sauko da giya tun daga saman tudu, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki. Wanda ya ɗora ƙafa ya bar ta a kai, birkin zai yi zafi, ya fara wari, ya zama kamar soso. Iskar taya a duba da safe kafin rana ta taɓa ta, har da tayoyin ciki na baya, su ne ake mantawa.

Dabbobi yayin tafiya: kowace kyanwa a kejinta, a ɗaure kejin da bel a kujerar teburin cin abinci. Ba a gadon sama ba, can ne ya fi zafi da jijjiga. Kyanwar da aka saki, ƙarƙashin fedar birki take nema. Idan motar mai ɓangaren da ke turowa waje ce, kafin a danna maɓallinsa a ƙirga dabbobi da ido, ɗaya, biyu, uku, domin bayan wannan bangon akwai rami mai duhu da kyanwa ke so, injin kuma ba ya jin abin da ya matse.

Hajiya Mai Tikiti, Obalende:

Sannu Alhaji, a gaishe min da Hajiya. Ɗanku ya zana hanya mai kyau ga mutane, amma bai duba dokar dabbobi ba. A gandayen ƙasa na Amurka, igiyar kare ba ta wuce ƙafa 6, ba a ɗaure dabba a tafi a bar ta, kuma yawancin hanyoyin ƙafa an hana su.

Zion ya fi matsi. A bazara ba a shiga babban kwarin da motar kai, sai bas ɗin gandun, shi kuma ba ya ɗaukar dabba. Hanya ɗaya tak aka yarje wa kare, Pa'rus, mai daɓe, mil 3 da rabi zuwa da komowa. Tana bin gefen kogin Virgin, kuma kada a bari ya sa baki a ruwan: akwai gansakuka mai guba, a Yulin 2020 ta kashe wani kare jim kaɗan bayan ya yi wasa a ciki. Ƙasan kwarin na wuce digiri 38 da rana. Sansanin Watchman na da turken wuta a wasu layuka amma an hana janareta, kuma a shafin intanet na Recreation.gov ake kama wuri tun wata 6 kafin ranar.

Sai ramin dutse na hanyar Mount Carmel, wanda aka buɗe a 1930, gajeriyar hanya zuwa Bryce. Iyakarsa faɗin ƙafa 7 da inci 10, tsayin ƙafa 11 da inci 4. Motarku ta wuce duka biyun. Da can kuɗi ake biya a tsayar da motoci a bar mutum ya bi tsakiya, amma hukumar gandun ta sanar da hana manyan motoci bin hanyar daga tsakiyar 2026. A koma babbar hanya ta 15, a wuce Cedar City, a yanka ta hanya ta 20 zuwa ta 89. Ƙarin kusan awa ɗaya ne. Kada waya ta ruɗe ku ta hanya ta 14, hawanta ba na mai koyon babbar mota ba ne.

Bryce dabam yake, yana sama da ƙafa 8,000, rana wajen digiri 27, dare har sai an nemi bargo. Kare zai iya bin gefen kwari tsakanin Sunrise Point da Sunset Point, inda aka daɓe. A Yellowstone dabba ba ta wuce ƙafa 100 daga titi ko wurin ajiye mota ko sansani. Ba ta hawa gadojin katako na maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma wannan don ranta ne, ruwan tafasasshe ne, kare kuma tafki yake gani. Babu gidan ajiyar dabbobi a cikin gandun, sai a garuruwan bakin ƙofa. Fishing Bridge ne kaɗai sansani mai wuta da ruwa da magudana, yakan cika watanni da yawa kafin lokaci. Ƙasar beyar ce, ko kwanon abincin kare ba a bari a waje.

Grand Canyon ta gefen kudu ya fi kowa sauƙi. Tudu ne na ƙafa 7,000, kare na bin hanyar bakin kwari mai kusan mil 13, gangarawa ciki ne kawai aka hana. Akwai gidan ajiye karnuka da kyanwoyi a wurin, akwai kuma Trailer Village mai cikakken jone.

Ga abin da zan ba da shawara. Idan za a iya ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Satumba, a ɗaga. Idan makarantar yara ta hana, a tsara kwana bisa tudu. A tashi daga Los Anjalis bayan asuba ko kafinta, a ratsa hamada da safe da janareta da esin rufi a kunne, kada a kwana Las Begas don dabbobi ba su da abin yi a can sai wahala, a kai Cedar City a yini ɗaya ko a yada zango inda akwai turke. Zion a ba shi safiya ɗaya. Kwanakin da aka rage a ƙara wa Bryce da arewa. Kuma ku manya huɗu ne, a yi karɓa-karɓa: biyu su fita da yara da safe, biyu su zauna da dabbobi, da la'asar a sauya. Ranar da ake son kowa ya fita tare, a kama gurbi a gidan ajiya tun da wuri.

Don karen ya sake jiki, dazuzzukan gwamnati da ke kewaye da gandayen sun fi sassauci, irin su Dixie kusa da Bryce da Kaibab kusa da Grand Canyon. Ana bin hanyoyinsu da kare, ana ma kwana kyauta har kwana 14 a wasu wurare, sai dai babu wuta babu ruwa.

Alƙibla daga can arewa ce da ɗan karkata gabas, ba gabas sak ba, a duba a waya tun ana da sabis. Arizona ba ta canza agogo a bazara amma yankin Nabaho da ke cikinta yana canzawa, don haka a bi rana wajen lokacin salla. Sallaya da butoci a ba su kabad na sama su kaɗai, kare kuma a ware masa kwanonsa da shimfiɗarsa kusa da kujerar direba.

Alhajin Agege:

Madalla, Allah ya yi muku albarka. Hajiya ta karanta ta haƙura, kyanwarta za ta zauna da autarmu. Na tura wa yaron batun ramin dutse, ashe bai sani ba. Sauran biyu: ruwan motar zai ishe mu alwala da tsarki mu shida? Kuma ina ake ajiye tiren bayan gidan kyanwoyi a wuri ƙarami haka?

Injiniya na Ladipo:

Alhaji tambayoyin biyu haɗe suke. Tanki uku ne: na ruwa mai kyau, wajen galan 40, lita 150, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Na biyun ya fi na farko ƙanƙanta a yawancin motoci, kuma shi ke fara cika. Wanka ne ke cinye ruwa, minti 5 a ƙarƙashin shawa ya kai galan 8. A jiƙa jiki, a rufe, a saɓa sabulu, a ɗauraye. Alwala a yi ta da buta a waje, manya huɗu ba za su wuce lita 20 a yini ba, kuma ba ta shiga tanki. A haka za ku yi kwana 2 kafin neman wurin zubarwa. Ruwan sha a saya daban a manyan robobi.

Tsarki da ruwa alheri ne ga tankin masai, ƙarancin ruwa ne ke sa ƙazanta ta daskare ta toshe. Ko an jona tiyo a magudanar sansani, a bar bawul ɗinsa a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku. A sa safar hannu, a fara sakin na masai, a rufe, sannan na wanka ya bi baya ya wanke tiyon.

Tiren kyanwa a dandaɓar shawa ake sawa, a toshe ramin da marfin roba, a shimfiɗa tabarma. Yashin nan mai dunƙulewa idan ya shiga bututu siminti yake zama, kada a zuba shi a masai ko a bari ya gangara. Kuma a riƙa duba allon tanki, domin idan na wanka ya cika, ta dandaɓar shawar yake ɓullowa, ƙarƙashin tiren.

Likitar Dabbobi, Ikeja:

Baba, a riƙa kwashe tiren safe da yamma kuma a duba abin da ke ciki. Muzuru idan ya shiga damuwa fitsari na iya toshe masa. Idan aka ga yana yawan tsugunawa yana yunƙuri, ɗigo kawai ko babu komai, yana lasar gabansa yana kuka, a nemi asibiti a ranar, ba ya jira kwana biyu. Abincin gwangwani mai ruwa-ruwa yana taimakawa, kuma a tafi da irin abincin da yashin da suka saba, na kwana 18 da ƙari.

Kafin a buɗe ƙofar mota, kyanwoyi su kasance a keji ko a banɗaki a rufe, a koya wa jikoki wannan tun a gida. Idan ɗaya ta kuɓuce, ba ta nisa da farko, a duba ƙarƙashin motar da saman tayoyi da cikin bonet, kada a tada inji. Dare kuma na koyoti ne, dangin dila, ko ƙaramin kare ba ya bari.

Shi karen, kwalta da rana na ƙona tafinsa. A ɗora bayan hannu daƙiƙa 7, in ba a jure ba to ba ya takawa. A Kalifoniya akwai busasshiyar ciyawa mai 'ya'ya kamar kan kibiya, ta fi ƙarangiya sharri don gaba kawai take tafiya cikin nama, a duba tsakanin yatsu da kunne bayan kowane yawo, atishawa ba tsayawa na nufin ta shiga hanci. A arewacin Arizona da Yuta kada a bar shi ya tona ramukan kurege, ƙumarsu na ɗauke da annoba, kyanwa ma na kamuwa. Macijin can mai ƙararrawa a wutsiya dangin kububuwa ne: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri, a cire abin wuya idan a fuska ne, a ɗauke shi a hannu zuwa asibiti mai maganin dafi. A rubuta adireshin asibitin dabbobi na dare mafi kusa da kowane zango a takarda, tun kafin a tashi. A jakar magani a sa mataji mai manyan haƙora, da shi ake ɓanɓare gaɓar kaktus mai ƙaya idan ta maƙale a ƙafa, a zura shi tsakanin fata da ƙayar a fizge waje ɗaya, sannan a bi sauran da hantsaki.